Yadda Za Mu Tayar da Tsohon Injin Gazwal da Kuɗi Kaɗan

 A garuruwan Arewa, tun daga Dogonkiriya da Matankari har Kore Mairuwa, Tibiri da Gesheme, injin gazwal ya shiga rayuwarmu. Shi ke niƙa hatsi, mata su huta da daka. Shi ke ɓare gujiya. A wasu garake na Dallol Mauri shi ke jawo ruwa zuwa ga rake da dankali da albasa. Ranar da ya tsaya, tuwon dare yakan makara, shuka kuma takan yi yaushi.

Inji yana tsufa kamar kowane abu. Ƙarfinsa ya ragu, shan mansa ya ƙaru. Sabo kuwa yana da tsada. Waɗanda suka ga shekarar 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, ba su manta yadda kuɗin kayan waje ya ninka ba. Saboda haka yawancinmu gyara muke yi. Abin tambaya shi ne: da ɗan kuɗin da ke hannu, wane gyara za a fara yi, wane kuma zai iya jira?

Daga ina ƙarfin inji yake fitowa?

Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙera irin wannan inji, ya yi aiki sosai a shekarar 1897. Injin gazwal ba ya da buji kamar na babur. Fistan ne ke matse iska a cikin silinda, ya mayar da ita wuri ɗan ƙarami, kamar kashi 1 cikin 17 ko 20 na inda take da farko. Iskar da aka matse haka takan yi zafin da ya wuce digiri 500. A daidai wannan lokaci nozul, wanda wasu ke kira anjektar, yake fesa gazwal kamar hazo. Man ya kama da wuta da kansa, ya tura fistan, inji ya juya.

Ke nan abu uku ne ke ba inji ƙarfi: iska mai tsabta kuma mai yawa, matsi mai kyau, da feshin mai a kan lokacinsa. Mu riƙe waɗannan ukun. Duk kuɗin da za mu kashe, sai mu tambayi kanmu wanne daga cikinsu zai gyara.

Mu lura da maganar iska. Kafin lita 1 ta gazwal ta ƙone sarai, tana bukatar iska fiye da lita 10,000. Duk wannan iska ta cikin ƴar matatar nan take bi. A ƙasarmu mai rairayi, ga ƙurar hunturu, ga garin da ke tashi a ɗakin niƙa, matatar iska ba ta daɗewa take toshewa. In ta toshe, inji ya shaƙe. In kuma aka cire ta aka jefar, kamar yadda wasu ke yi, rairayi ya shiga ya riƙa cin silinda kamar dutsen wasa wuƙa.

Mu san irin injinmu

Yawancin injinan da ke hannunmu iri biyu ne. Akwai mai tsayi, mai manyan gargaren ƙarfe a gefe biyu, wanda ake kira Lister. Asalinsa daga Ingila ne, amma an daina ƙera shi can a shekarar 1987. Waɗanda ake samu yanzu kwaikwayonsa ne daga Indiya, musamman daga birnin Rajkot. Yana juyawa a hankali. Mai lamba 6/1 ƙarfin doki 6 gare shi, yana juyi 650 a minti ɗaya. Mai lamba 8/1 ƙarfin doki 8, juyi 850. Saboda rashin gaggawarsa yana daɗewa.

Akwai kuma ɗan Sin, wanda yake kwance, da tukunyar ruwa a bayansa. Lambarsa ma tana magana. A lamba S195, 1 na farko yana nufin silinda ɗaya, 95 kuma faɗin silindar ne, milimita 95. Ƙarfinsa wajen doki 12, yana juyi 2,000 a minti. Haka R175 milimita 75 ne, 1115 kuma milimita 115. Wannan inji ya fi sauƙin ɗauka, kayansa sun fi araha, amma ya fi saurin cinyewa.

Kowane inji yana da ƴar faranti a jikinsa, an rubuta lamba da ƙarfi da yawan juyi. Ga amfanin karatun da muka koya. Mu goge farantin, mu kwafe duk abin da ke kai a littafi. Wanda ya je kanti ba tare da wannan lamba ba, abin da mai kanti ya ga dama zai ba shi.

Kada a kwance inji kafin a san ciwonsa

Babbar asara ita ce a kwance inji gaba ɗaya alhali ciwonsa ƙarami ne. Inji yana faɗin ciwonsa, in mun saurara.

Mu fara da hayaƙi. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa. Ko matatar iska ta toshe, ko nozul yana ɗigo maimakon feshi, ko an ɗora wa inji kayan da suka fi ƙarfinsa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin baƙin mai ne ke ƙonewa, watau zobban fistan, da ake kira ringi ko segman, sun cinye, ko silinda ta faɗaɗa. Farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi yana nuna mai ba ya ƙonewa sarai, ko ruwa yana shiga ta gaskit ɗin kai.

Sai a gwada matsi da hannu. A saki ɗan hannun nan mai sassauta matsi, a juya inji a hankali. Injin kirki zai ƙi wucewa, har ya nemi komawa baya. In ya wuce salin-alin, matsi ya tsere. A kasa kunne. In ana jin iska tana fita ta bututun hayaƙi ko ta wajen matata, bawul ne ba ya rufewa. Wannan ƙaramin aiki ne. In kuwa iskar ta cikin ɗakin baƙin mai take fita, aikin ya kai ga ringi da silinda.

Akwai kuma ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana dukan turmi. Wannan alamar mital ne, wato kusine, ya cinye. Injin da ke wannan ƙara a kashe shi nan take. Kowane minti da ya ƙara yana cin karanshaf, shi kuwa karanshaf yana cikin kayan da suka fi tsada.

Mako biyu kafin gyara, mu rubuta kowace rana: awa nawa inji ya yi, lita nawa ya sha, baƙin mai nawa aka ƙara. Injin lafiya, in yana cikakken aiki, yakan sha wajen kwatan lita a awa ɗaya kan kowane ƙarfin doki. Mai doki 8 ke nan bai kamata ya wuce lita 2 a awa ba. A ce naka yana ɓarnar rabin lita a kowace awa, kuma yana aikin awa 6 a rana. Lita 3 ke nan a rana, lita 90 a wata. Ninka wannan da kuɗin lita a garinku, ka ga ko gyara zai biya kansa.

Mai araha da farko

Ga tsarin da muke ba da shawara a bi. Kowane mataki sai an gwada inji kafin a wuce zuwa na gaba.

Matakin farko kusan kyauta ne. A wanke matatar iska, a canza man da ke cikinta in mai mai ce. A canza matatar gazwal. A wanke tanki. A kankare baƙin da ya taru a bututun hayaƙi. A daidaita tazarar bawul da ƴan ƙarafan awo na makanikai. Inji da yawa da ake cewa sun mutu, nan kaɗai suke farfaɗowa.

Mataki na biyu shi ne nozul. A kai shi wurin mai na'urar gwaji, a ga yadda yake feshi. In yana ɗigo, a canza bakinsa. Ɗan ƙaramin abu ne, amma shi ya fi kowane abu rage shan mai. In kuɗi ɗaya tak gare ka, mu dai nan za mu ce ka sa shi. A duba kuma lokacin feshi, domin in famfo ya makara ko ya yi gaggawa, ƙarfi zai zube.

Mataki na uku a buɗe kan inji, a goge bawul har ya zauna daram.

Sai na huɗu, ringi da silinda da fistan. Nan ne mai ƙaramin ƙarfi ke shiga jarraba. Yakan ce a sa sabon ringi a tsohuwar silinda. A sa farce a saman silindar. In farce ya maƙale a wani ɗan tudu, ko an ga zane-zane masu zurfi, silinda ta cinye. Sabon ringi ba zai zauna a ciki ba. Bayan ƴan watanni sai hayaƙi ya dawo, a sake biyan makaniki, a sake sayen gaskit. Gara a daure a sayi silinda da fistan da ringi tare.

Na biyar shi ne mital da karanshaf. In karanshaf ya karce, sai an kai shi wurin masu injin gugar ƙarfe a manyan birane, kamar Yamai ko Sakkwato, a goge shi, a sayo mital daidai sabon awonsa. Daga Dogondutsi zuwa Yamai ya fi kilomita 250, don haka kuɗin mota da kwana su ma a sa su a lissafi. Ga ɗan Sin, a tambayi kuɗin sabon karanshaf tukuna, domin wani lokaci ya fi gugar sauƙi.

Yadda za a raba kuɗin

Tun kafin a taɓa ƙusa ɗaya, makaniki ya faɗi kayan da yake zato, a rubuta. A tambayi farashi a kanti biyu ko uku. Sannan a raba kuɗin da ke hannu. A ce ƙungiyar mata tana da jika 120 a asusu. Jika 60 na kaya. Jika 30 na makaniki da kuɗin mota da baƙin mai da matatu. Jika 30 a ajiye, kada a taɓa. Da wuya a buɗe tsohon inji ba a tarar da wani ciwon da ba a zata ba. Wanda ya kashe kuɗinsa kaf tun farko, injinsa yakan kwana a kwance wata da watanni, ƙura ta shige shi, ƙusoshi su ɓace ɗaya bayan ɗaya.

Akwai abin da za a iya saye na kwance, akwai wanda ba a yi masa haka. Tanki, gargare, fuli, hannun tayarwa, bututun hayaƙi, har kan inji in ba shi da tsaga, duk na kwance ya isa. Amma ringi, mital, gaskit, bakin nozul da matatu, sabbi kaɗai. Gaskit ɗin kai kuwa ba a mayar da tsoho, ko da ya yi kyau a ido.

Kaya suna zuwa mana daga Yamai da Maraɗi, da kasuwannin Najeriya irin Ƙofar Ruwa ta Kano. Jabu yana da yawa, kwalinsa kuma yakan fi na gaske ƙyalli. A tafi da tsohon abin a hannu, a jera shi da sabo, a gwada tsawo da kauri da nauyi. A nemi takardar sayayya. In makaniki ne zai sayo, mutum ɗaya daga masu inji ya raka shi, kuma tsofaffin kayan da aka cire a dawo da su. Wannan ba rashin yarda ba ne. Kuɗin jama'a ne, sai da shaida.

Wani injin bai cancanci gyara ba. In gangar jikinsa ta tsage, ko kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabo irinsa, gara a sayar da shi a matsayin kayan kwance, a ƙara kuɗi a nemi wani.

Maganar lokaci ma tana da muhimmanci. Injin garka a gyara shi da damina, lokacin da yake hutu, ya kasance a shirye kafin a fara aikin rani. Injin niƙa a gyara shi kafin kaka. Matsalar ita ce, kafin kaka ne aljihu ya fi bushewa. Maganin wannan shi ne asusun gyara. Kowace rana a cire wani abu daga kuɗin niƙa, a ajiye dabam, a rubuta.

A yi hankali da masu cewa za su ƙara wa inji ƙarfi

Kowa yana son injinsa ya yi ƙarfi. Wasu makanikai sukan buɗe famfo ya riƙa ba da mai da yawa. Wasu sukan ɗaure abin da ke kayyade gudu, wanda ake kira gwamna, don inji ya ƙara sauri. Ranar farko sai ka ji daɗi. Amma iskar da ke shiga ba ta ƙaru ba. Ƙarin man baƙin hayaƙi yake zama, ya zafafa fistan, ya wanke baƙin man da ke jikin silinda. Ƙarin gudu kuwa ya fi haɗari. Gargaren Lister ƙarfen zubi ne mai nauyi, an yi shi don juyi 650 ko 850. In aka wuce da shi ƙima zai iya tarwatsewa, gutsattsarinsa su kashe mutum.

Manyan motocin kaya da ke bin babbar hanya ta Dogondutsi suna da turbo, wata na'ura mai cusa ƙarin iska, shi ya sa suke iya ƙona ƙarin mai. Amma tun daga masana'anta aka gina su haka. Wannan ba hanyar mai inji silinda ɗaya ba ce.

Sau da yawa ma laifin ba na inji ba ne, na fuli ne. Ga lissafinsa. A ninka juyin inji da faɗin fulinsa, a raba da juyin da abin niƙa yake bukata. A ce inji yana juyi 2,000, fulinsa santimita 15. An samu 30,000. In abin niƙa yana son juyi 600, a raba 30,000 da 600, a samu 50. Fulin abin niƙa ke nan santimita 50. In aka sa ƙarami, abin niƙa zai yi gudu fiye da ƙima, inji ya riƙa nishi yana baƙin hayaƙi. A duba kuma bel, kada ya yi sako-sako. A wasa faifan niƙa a kan kari, domin dakusasshen faifai mai yake sha a banza. Bayan an wasa, a niƙa dusa tukuna a zubar, don kada garin ƙarfe ya shiga abincin mutane.

Ga masu garka, famfon da ke saman ƙasa ba ya iya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 ko 8, komai girman inji. In ruwa ya ja ƙasa da rani, famfon za a saukar kusa da ruwa. Haka tiyo mai huji ko ƙaramin tiyo yana cinye ƙarfin inji.

Ranar haɗawa da kwanakin farko

A haɗa inji a cikin ɗaki, bisa tabarma ko leda mai tsabta, ba a filin da iska ke kaɗa rairayi ba. A wanke kowane abu da gazwal, a shafa masa sabon baƙin mai kafin a sa. Ƙusoshin kai a ɗaure su kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, har su yi daidai.

Awa 50 na farko kada a ɗora masa cikakken nauyi, kada kuma a bar shi yana ta juyi babu aiki. Matsakaicin aiki ne ke zaunar da ringi. Bayan awa 50 a juye baƙin mai yana da ɗumi, a sake duba ƙusoshin kai da tazarar bawul. Daga nan ɗan Sin a juye masa kowace awa 100, Lister kowace awa 250. Da hunturu a duba matatar iska kowace safiya.

Tun shekarar 2011 matatar man SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara tace gazwal a cikin ƙasa. Amma kafin mai ya iso ƙauye yakan bi ta jarka da kwalba, ya kwashi ruwa da datti. A zuba shi a durom, a bar shi ya kwana biyu, a ɗebi na sama, a tace da ƙyalle mai tsabta marar gashi. Kada a gauraya shi da fetur. Ruwan sanyaya inji kuma a nemi mai daɗi, domin ruwan wasu rijiyoyi yana da kanwa ko gishiri, yana barin ɓawo a ciki. In tukunya ta ƙafe inji ya yi zafi, a kashe shi a jira ya huce. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi tsaga shi yake yi.

Lafiyar mai aiki da ta masu kawo niƙa

Hayaƙin gazwal guba ne. A ɗaki rufaffe yana sa ciwon kai da jiri, yana iya kisa. A shekarar 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa yana jawo ciwon daji na huhu. A fitar da bututun hayaƙi waje, ya wuce rufin ɗaki, a yi taga biyu masu kallon juna. Kuɗin bututun ma a sa shi cikin kuɗin gyara.

Bel da gargare a yi musu shinge na katako ko na waya. Mayafi da zane da babbar riga suna saurin naɗewa, kuma yara ne aka fi aikowa niƙa. A ja musu layi inda za su tsaya. Wajen gwada nozul kada kowa ya sa hannu a gaban feshin. Ƙarfinsa ya fi iskar tayar mota sau hamsin, yana huda fata. Wanda hakan ta same shi a kai shi asibiti a ranar, ko da hujin bai fi na allura ba.

Tsohon baƙin mai kuma ba magani ba ne. Kada a shafa shi a miki, na mutum ko na dabba. Kada a zubar da shi kusa da rijiya. A cikin Dallol ruwa yana kusa, ƙasar kuma rairayi ce, abin da aka zuba a sama ba ya daɗewa yake isa ga ruwan sha. A tara shi a jarka mai murfi, a ajiye inda yara ba sa kaiwa.